Kafin Keke Ya Bar Zaure

    

Maganarmu ta yau wata wasiƙa ce ta jawo ta. Wata baiwar Allah ce ta aiko mini daga cikin birnin Kano. Ɗanta na fari, wanda saboda alkunya ko sunansa ba ta rubuta ba, sai dai “yaron nan”, shekararsa 19, yana koyon ɗinki a kasuwa. Ya yi wata da watanni yana zubin adashi, ranar da ya kwasa sai ya sayo keke, irin siririn nan mai lanƙwasasshen kai da ake ce wa keken tsere. Yanzu duk Asabar da Lahadi, ana idar da sallar asuba, sai ya bi wasu samari da magidanta su kama hanyar Wudil, ba ya dawowa sai hantsi ya dubi ludayi. Mahaifinsa kuma matafiyi ne, bai cika zaman gari ba. Ta ce: “Daga fitarsa har dawowarsa ba ni da sukuni. Na ɓoye famfon, ya aro wani. Na sace iskar tayar da daddare, ya kai wa mai faci. Shin in sa ƙafa in hana shi, ko in zuba masa ido?”

Hajiya, na gode da wannan wasiƙa, kuma na san ba ke kaɗai ba ce. A gidaje da yawa yau akwai irin wannan keken a jingine a zaure ko a tsakar gida. Wani na ɗa ne, wani na ƙani, wani ma na maigidan ne da kansa, likita ya ce ya rage tumbi. Amsata a gare ki ita ce, kada ki hana shi don tsoro kawai, kada kuma ki zuba masa ido. Ki san keken. A gidanki yake kwana, ta gabanki yake fita. Ke ce ta ƙarshe da ke ganinsa kafin ya hau titi, kuma da yawa daga abubuwan da ke kayar da mai keke a hanya ana iya gano su tun a tsakar gida.

Ba da ka nake faɗin haka ba. Lokacin da nake sakandare, ƙanina yana da keken zuwa makaranta. Kullum in ya dawo, tun daga bakin layi za mu ji ƙiiii, kukan birki. Har mahaifiyarmu takan tsokane shi ta ce kekensa ya riga shi sallama, mu yi ta dariya. Babu wadda ta san a cikinmu cewa robar birkin ce ta cinye, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Wata rana akuya ta gifta masa a gangara, ya matse birki, birki ya ƙi. Ya karye a kafaɗa, aka yi masa ɗinki a goshi, tabon yana nan har gobe. Allah ya sa da sauran shan ruwa. Abin da ban manta ba shi ne maganar Mama a asibiti. Ta ce: “Kusan wata guda keken nan yana gaya mini, ban ji yarensa ba.” Robar da za a canza kuwa, kuɗinta bai kai cefanen yini ɗaya ba.

To yau yaren keke za mu koya. Kada ki ce ke da ba ki taɓa hawa ba ina ke ina sanin keke. Ai da yawanmu muna da keke a ɗaki, na ɗinki. Kin san in ya sha ƙura yana nauyi, in ya rasa mai yana kuka, in bel ɗinsa ya saki ba ya ja. Kunnen da ke gane keken ɗinki yana son mai, shi ne zai gane na hawa.

Da farko mu san abin da yaran nan ke hawa. Iyayenmu sun hau Raleigh, wanda asalinsa daga garin Nottingham na Ingila yake, daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwa. Waɗannan kekunan aiki ne, ƙarfe mai nauyi da kan kusa kilo 20, ga kariya a baya ta ɗaura buhu. Keken tsere kuwa ba a yi shi don kaya ba. Nauyinsa bai cika wuce kilo 10 ba, ke ma za ki ɗaga shi da hannu ɗaya. Tayarsa siririya ce kamar faɗin babban yatsanki, yana da giya da yawa da ake sauyawa wajen hawa tudu ko gangara. Saurayi mai ƙarfi yakan ci kilomita 25 zuwa 30 a awa ɗaya a miƙaƙƙen titi. Daga Kano zuwa Wudil wajen kilomita 40 ne, kin ga zuwa da dawowa, har da hutu, aikin awa uku ne ko huɗu.

Me suke samu a wannan wahala? Lafiya dai ita ce ta farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuma awa ɗaya kullum. Keke yana ƙarfafa zuciya, yana taimakawa wajen hawan jini da ciwon suga da ƙiba. Sannan ki duba wannan, uwargida: yaron da zai tashi da asuba ya taka kilomita 80 ba ya kai tsakar dare a majalisar samari, barci ne zai kwashe shi tun bayan isha'i. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ma, magidanta da dama sun koma keke don zuwa wurin aiki.

Kuma wasa ne da duniya ta ɗauka da daraja. A Faransa ana tseren da ake kira Tour de France tun 1903, ana shafe mako uku ana taka fiye da kilomita 3,000. Mutanen Burkina Faso sun fara nasu, Tour du Faso, a 1987. A 2024 wani saurayi ɗan Iritiriya, Biniam Girmay, ya ci zango uku a tseren na Faransa, shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a can. A shekarar ce kuma wata 'yar Nijeriya, Ese Ukpeseraye, ta yi tseren keke a gasar Olamfik ta birnin Faris. A 2025 aka yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali ta Ruwanda, karo na farko a nahiyarmu. Ke nan ba shashanci yaronki ya tsinto ba.

Amma fa tsoronki yana kan hanya, ba zan ɓoye miki ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Titunanmu ba a ware wa mai keke gefensa ba. Ko a 2001, ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran jama'a su rungumi keke, motar bas ta ture shi a Abuja yana kan nasa. In minista bai tsira ba, ɗan koyon ɗinki fa? Shi ya sa za mu duba abu huɗu: ayarin da yake bi, kayan da yake sawa, lafiyar keken, da abin da ke cikin cikinsa.

Mu fara da ayari. Me ya sa suke tafiya a jere, taya kusa da taya? Saboda iska ne. Na gaba shi ke yanka iska, wanda ya ɓuya a bayansa yakan sami sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. In na gaba ya gaji sai ya koma baya, wani ya karɓa. Kamar lugude ne, uwargida. Mata uku a turmi ɗaya, aiki na sauri ga daɗi, amma da ɗaya ta saɓa sai taɓare su haɗu. Haka nan in na gaba ya taka birki ba zato, ko tayar gaba ta wani ta goga ta bayan wani, sai ki ga mutum biyar a ƙasa. Saboda haka ayari mai tsari kariya ne, don direba ya fi ganin mutum 15 a kan mutum ɗaya, ayari marar tsari kuwa gara tafiya shi kaɗai.

Yaya za ki gane mai tsari kina daga cikin gida? Da tambaya. Wane ne jagoransu? Ya zama babban mutum ne da aka san gidansa, maigida ko kawun yaro ya je su gaisa, a karɓo lambar wayarsa ta zauna a wayarki. Wace hanya za su bi, ƙarfe nawa za su dawo? Ba kowace hanya ce ke da aminci ba a wannan zamani, kuma kada su shiga daji gari bai waye ba. In wani ya gaji ko tayarsa ta sace, suna jiransa? Ayarin kirki yana ajiye gogagge ɗaya a can baya, ba a barin kowa a hanya. Suna yarda wanda ba shi da hular kwano ya bi su? Suna sa kuɗi a kan tsere? Suna kama bayan tirela ko tifa ta ja su? Suna sakin hannu ko ɗaga tayar gaba don burgewa? In amsar ɗaya daga waɗannan huɗun na ƙarshe “e” ce, to nan ne wurin sa ƙafa.

Ki kuma riƙa tuna masa dokar titi. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka mai keke gefen dama zai bi, ya fuskanci inda motoci suka fuskanta, ba ya yi wanwe ba. Ya miƙa hannu kafin ya karya kwana. Ya ba motar da ke tsaye tazara, don ana iya buɗe ƙofa a fuskarsa. Ya yi hattara da A Daidaita Sahu, da an ɗaga masa hannu yake cin birki. Kada ya kuskura ya shiga gefen babbar mota a kwana, direban ba ya ganinsa. Sannan ban da toshe kunne da abin jin waƙa, kunne ido ne na baya ga mai keke.

Sai kayan sawa, kuma sarkinsu hular kwano. Ta keke daban take da ta babur, marar nauyi ce mai huji-huji don iska. Cikinta wani farin soso ne mai tauri, irin wanda ake tokare sabon firji da shi a kwali. In kai ya bugi ƙasa, soson ne ke murƙushewa ya shanye bugun maimakon ƙoƙon kai. Bincike ya nuna tana rage munanan raunukan kai da fiye da rabi. Amma sai an sa ta daidai. Ki ce ya sa ki gani: bakinta ya tsaya yatsa biyu a saman gira, ba ta koma ƙeya kamar hular gayu ba. Igiyoyin su haɗu a ƙasan kunne. In an ɗaure a haɓa, yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su iya shiga. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba, shi ya sa ta gwanjo take da haɗari, ba ki san tarihinta ba. A nan kam araha ba ta ado.

Tufafi su zama masu haske, ruwan ɗorawa ko ruwan goro, ba baƙi ko ruwan toka ba. Ke mai ɗinki, ki sa a sayo miki ƙyallen nan mai walƙiya irin na rigar ma'aikatan hanya, ki ɗinka masa a bayan riga da ƙafar wando. Na san abin da ke damun iyaye da yawa shi ne matsattsen wandon nan. Dalilinsa shi ne akwai soso a ciki da ke hana sirdi goge fata. Magani mai sauƙi ne, ya sa shi daga ciki, ya ɗora wando mai sutura a kai, ya ɗaure ƙafar dama don ta nan sarƙa take. Jallabiya da babbar riga ba na keke ba ne, sarƙa na kama su. Silifas ma a'a, sai takalmi rufaffe. Ya samu safar hannu da tabarau saboda ƙura, da fitila fara a gaba, ja a baya. Lokacin hazon hunturu ya kunna su ko da rana ce. Kuma keken tsere ba na goyo ba ne. Ko a keken gida mai kariya, ki lura da ƙafar ƙaramin yaro da bakin hijabin yarinya, wayoyin taya suna kama su.

Yanzu ga aikinmu na tsakar gida, wato duba lafiyar keken. Minti biyar ne, a yi shi daren Juma'a, ba da asuba ana sauri ba. Ba ke za ki riƙe sifana ba, shi zai yi, ke ki zauna a kujerarki kina kallo kina saurare.

Na ɗaya, iska. Ya matsa tayar da babban yatsa, ta keken tsere ya kamata ta yi tauri ƙwarai. An rubuta adadin iskar da take ɗauka a gefenta. Siririyar taya tana rage iska da kanta cikin 'yan kwanaki, don haka kusan kowace fita sai an ƙara. In iska ta yi ƙasa aka faɗa rami, ƙarfen taya yakan tsinke tub ɗin ciki, ko keken ya kwashe a kwana. Kin ga ke nan, Hajiya, ɓoye famfo da sace iska ƙara masa haɗari suke yi. Ya juya tayar a hankali ya cire ƙaya ko ɓaraguzan kwalba. In ta tsattsage ko zare ya fara leƙowa, ta tashi aiki.

Na biyu, birki. Ya matse na gaba ya tura keken, sannan na baya. Taya ta tsaya cak. In hannun birkin yana zuwa har ya taɓa kan keken kafin ya kama, waya ta saki. Ya duba robar birkin, tana da 'yan tsagogi a jikinta, da sun shafe lokacin canji ya yi. Ya duba wayar, in ta fara warwarewa kamar bakin tsohuwar igiya a canza ta. Kukan ƙarfe a kan ƙarfe, irin na ƙanina, ma'anarsa a jingine keken sai an gyara. Mai ko kaɗan kada ya taɓa robar birki ko inda take kamawa, haka nan masu birkin faifai. Da damina kuma jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa da wuri, sai a rage gudu.

Na uku, sarƙa, wadda masu gyara ke kira cen. Nan ne iliminki na keken ɗinki zai yi aiki. Ƙura in ta haɗu da mai sai ta zama kamar yashin wanke tukunya, ta yi ta cin ƙarfe. Ki ba shi tsumma da tsohon buroshin haƙori da ɗan kalanzir ya wanke, ya bari ta bushe. Sannan ya ɗiga mai kaɗan-kaɗan a kowace gaɓa yana juya feda baya, ya goge wanda ya yi yawa. Akwai man da aka yi don sarƙar keke. In babu, man keken ɗinkinki zai yi, sai dai ba ya daɗewa, a riƙa maimaitawa. Ban da baƙin mai, ban da man gyaɗa ko manja, danƙo suke yi su tara datti. Sarƙar da ke ƙis-ƙis ƙishirwa take ji. Wadda ke tsalle ko yawan zamewa, a kai wa mai gyara.

Na huɗu, ɗauri. Ya ɗaga keken kamar tsawon tafin hannu ya sake shi a ƙasa, ke kuma ki kasa kunne. Duk abin da ya yi kwaram-kwaram, akwai notin da ya kwance. Yawancin kekunan tsere suna da wani ɗan marfi a tsakiyar taya da ake cire ta da shi ba sai da sifana ba, a tabbata ya rufu gam, don in tayar gaba ta fita ana gudu, fuska ce ke fara isa ƙasa. Ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa ya murɗa kan keken, kada kan ya juya shi kaɗai. Ya wulwula kowace taya, in tana rangaji akwai wayar da ta saki. In an ga tsaga a jikin keken kansa, ba a hawa.

Tsawon sirdi ma abin dubawa ne. In ya zauna ya ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa. In za a saya wa yaro keke, kada a yi masa irin na kayan makaranta a ce zai girma ya cika shi, keken da ya fi ƙarfin yaro kayar da shi yake yi. In na hannu ne, a karɓi rasit da shaida, kada a sayo na sata. A jakarsa kuma kada a rasa tub na canji, kayan faci, ƙaramin famfo, ɗan kuɗi, waya mai caji, da takarda mai sunansa da lambar wayar gida.

Sai ciki, wannan kuwa fagenki ne. Kada ya fita da yunwa, kada kuma ya cika ciki da tuwo. Koko ko kunu, ko shayi da burodi, sun wadatar. Ki sa masa dabino ko ayaba a aljihu ya riƙa ci a hanya. Ruwa kuma, gora mai cin rabin lita ko fiye a kowace awa, in tafiyar mai nisa ce ki jefa ɗan gishiri da sukari a ɗaya gorar. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Kano yakan haura 40 a ma'auni, ya kamata ƙarfe 10 ta yi masa a gida. Jiri, ciwon kai da fitsari mai duhu alamun jiki ya bushe ne. In ya dawo, fura da nono ko wake da shinkafa su mayar masa da abin da ya zubar. Da azumi ya rage nisa, ya yi 'yar gajera dab da magariba. Maigida da ya haura 40, ko mai hawan jini, suga, asma ko sikila, ya ga likita tukuna, ya kuma fara da kilomita 5 ko 10. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba. Wasu samari sukan ce wai sai da ƙwaya ake jure nisa, musamman taramol. Ki sani wannan ƙwaya tana kawo jiri da gyangyaɗi har da farfaɗiya, ki auna wannan a kan keke tsakiyar motoci. Hukumar tseren keke ta duniya da kanta ta haramta ta a gasa tun 2019. In kin ga yaro ya dawo daga kilomita 80 ba ya neman abinci, idanu sun canza, magana na jan baki, ki bincika, ki kuma sanar da mahaifinsa.

In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, ga abin riƙewa. Ƙujewa a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu har ƙasar ta fita, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da toka, ban da man birki, ban da man goge baki. A je a tambayi allurar tetanus. In kai ya bugu, ko da ya taso da ƙafarsa yana cewa ba komai, ki sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Amai, barcin da ya wuce kima, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk asibiti ne nan take, ba kemis ba. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a ciccibe shi yadda aka ga dama. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112. Ki sa a adana su a wayarsa da taki.

Wata za ta ce, to mu fa da muke cikin gida? Jikinmu ma yana da haƙƙi. Akwai keken motsa jiki na ɗaki, wanda ba ya zuwa ko'ina, ana samun na hannu a kasuwa. Minti 30 sau biyar a mako ya cika minti 150 ɗin nan da na faɗa, kuma ya fi tsalle-tsalle sauƙi ga mai ciwon gwiwa. Ku yi shawara da maigida, ko ku matan gida ku haɗa adashi ku sayi ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa. Mai juna biyu ko mai jinya ta fara jin ta bakin ma'aikaciyar lafiya.

In koma gare ki, Hajiya mai wasiƙa. Na san ɗan fari ne, zama a yi doguwar magana da shi yana miki nauyi. Ba sai kin yi ba. Tambayoyin ayari ki ɗora wa kawunsa, ko ki jira mahaifinsa ya dawo. Sharaɗi uku kuma ki aika ƙanwarsa ta gaya masa: ba hular kwano ba fita, ba dubawar daren Juma'a ba fita, kuma a san hanya a san lokacin dawowa. In ayarin ya faɗi jarrabawa, ku hana shi bin su, ya nemi wani, kin ga hanin ya zama da hujja. In ya ci, to ki fito da famfon nan daga inda kika ɓoye shi, ki jingine shi a jikin keken, ki ɗora gorar ruwa da dabino bakwai a kan sirdi. Zai gane. Da asuba in kin ji motsinsa a zaure ki bi shi da addu'a, ki koma ki kwanta.

Nan za mu dakata a yau. Wadda ke da tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana kamar yadda aka saba. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu da mazajenmu a kan hanya, ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.